Idan Gyambon Ciki Ya Ɓalle da Jini: Toshe Jijiya Daga Ciki Ba Tare da An Tsaga Ciki Ba

 

   Ina godiya ga kwamitin da ya shirya wannan zama, ya kuma ga dacewar a yi shi da Hausa, domin majinyatan da muke gani, da 'yan'uwan da ke ɗauko su cikin dare, da Hausa suke tambayarmu abin da za a yi.

Batun da aka ɗora mini shi ne zubar jini mai tsanani daga gyambon ciki, wato olsa, da wata hanya ta tsayar da shi: a bi ta cikin jijiyar jini da siririn bututu, a isa wurin da ta fashe, a toshe ta daga ciki. Tun daga farko bari in faɗi inda na dosa. Akwai majinyacin da na'urar leƙa ciki ta gaza tsayar masa da jini, wuƙar tiyata kuma ta fi ƙarfin jikinsa. A wannan tsakanin muke rasa mutane. Dominsa aka ƙirƙiro wannan aiki, kuma a ganina lokaci ya yi da manyan asibitocinmu za su daina kallonsa a matsayin kayan alatu. Zan bi maganar a kan batutuwa bakwai, wasu dogaye, wasu gajeru.

1. Daga ina jinin yake fitowa?

Tumbin ɗan Adam yana fitar da asid mai ƙarfin narkar da nama. Abin da ya hana shi cin tumbin kansa shi ne wata majina mai yauƙi da Allah ya shafe bangon ciki da ita, da jinin da ke yawo a ƙarƙashinta yana gyara duk inda ya ƙuje. Ranar da wannan kariya ta yi rauni, asid ya samu kafa, sai ya fara cin bango. Ramin da ya haƙa shi ne gyambo. Wani a tumbi yake fitowa, wani a farkon ƙaramin hanji, inda abinci ke faɗawa da zarar ya bar tumbi.

Me ke raunana kariyar? A gidajenmu amsa a shirye take: yunwa, yaji, yawan tunani. Ban ce waɗannan ba sa tayar da zafin ciwon ba, amma ba su ne tushe ba. Manyan tushen biyu ne.

Na farko wata ƙwayar cuta ce mai suna Helicobacter pylori. Likitoci biyu a birnin Perth na Ostareliya, Robin Warren da Barry Marshall, su suka gano ta a 1982, a lokacin da aka yi imani babu ƙwayar da za ta rayu cikin asid ɗin tumbi. Da aka ƙi yarda da su, a 1984 Marshall ya sha ruwan da aka raini ƙwayar a ciki, ya kamu da kumburin tumbi, domin ya kafa hujja da jikinsa. A 2005 aka ba su lambar yabo ta Nobel. Yawanci tun a yarinta ake ɗaukar wannan ƙwaya, a gida mai cunkoso da ruwan sha marar tsafta. Binciken da aka yi a yankin Maiduguri a farkon shekarun 1990 ya samu alamarta a jinin fiye da kashi 80 cikin 100 na mutanen da aka gwada. Mafi yawansu ba za su taɓa yin gyambo ba, amma ku duba yawan waɗanda ke ɗauke da ita.

Na biyu shi ne maganin ciwon jiki: asfirin, ibufurofen, diklofenak, Feldene da danginsu. Ku dubi leburan da ya wuni yana ɗaukar bulo. Da magariba ya tsaya wajen mai tallar magani, a ƙulla masa haɗi a 'yar leda, ƙwaya uku ko huɗu masu launi daban-daban, mai yiwuwa biyu daga ciki 'yan gida ɗaya ne, ya kora da shayi cikinsa ba komai. Gobe ma haka. Ku dubi tsohuwar da ciwon gwiwa ya sa ta shekara tana shan diklofenak ba tare da wani likita ya sani ba. Idan kuma mutum yana shan maganin tsinka jini irin su wafarin saboda ciwon zuciya, hatsarin ya ninka.

In ramin ya tsaya sama-sama, zafi kawai ake ji. In ya nutsa har ya taɓa jijiya, labari ya sha bamban. Babbar jijiyar da ta sauko daga zuciya tana fitar da reshe a saman ciki, reshen ya rabu uku: ɗaya ya nufi tumbi, ɗaya saifa, ɗaya hanta. Daga na hanta wata jijiya ta sauko ta bi ta bayan farkon hanji, manne da bangonsa. Gyambon da ya fito a bangon baya na wannan wuri, in ya ci gaba da haƙa, ita zai huda. Haka ma gyambon da ke kan gajeren gefen tumbi, kusa yake da jijiyar da ke ciyar da tumbi ta hagu. Waɗannan wurare biyu su ne ke kawo mana jinin da ke tsartuwa da kowane bugun zuciya.

Alamunsa fa? Aman jini, ja ko mai duhu. Bayan gida baƙi wuluk kamar kwalta, mai danƙo, mai wari na daban. Jiri in an miƙe, zufa mai sanyi, zuciya na bugawa da sauri, tafin hannu ya yi fari, suma. Iyayenmu mata, ku da ke jinyar tsofaffi a gida, ku riƙe wannan: dattijon da ke shan maganin ciwon jiki zai iya zubar da jini bai taɓa kukan ciwon ciki ba. Baƙin bayan gida kaɗai ya isa a tafi asibiti a ranar, ba gobe ba.

Sai dai ba duk aman jini ne daga gyambo ba. A ƙasarmu ciwon hanta yana kumbura jijiyoyin maƙoshi har su fashe, kuma maganin wannan dabam ne. Shi ya sa dole a leƙa kafin a yanke hukunci.

2. Abin da ake yi kafin a kai ga toshewa

Kada wani ya fita daga nan yana zaton duk mai aman jini toshe masa jijiya za a yi. A'a. Mafi yawan zubar jinin gyambo, wajen huɗu cikin biyar, yana tsayawa da kansa. Aikin farko shi ne a riƙe ran majinyaci: a sa masa manyan allurai biyu a jijiya, a ƙara ruwa, a ɗebi jini a gwada, a nemo ledar da ta dace, a fara allurar rage asid irin ta omefirazol da ƙarfi.

A nan akwai darussa uku da bincike ya koya mana, duk ukun sun saɓa wa abin da zuciya ke raya wa mutum. A 2013 likitoci a Basalona ta ƙasar Sifen suka kwatanta majinyata sama da 900. Waɗanda aka jira sai awon jininsu ya sauka ƙasa da giram 7 kafin a ƙara musu sun fi rayuwa a kan waɗanda aka ƙara wa tun a giram 9. Ɗalibai, giram 7 ya yi daidai da PCV wajen 21. Amma ku lura, wannan bai shafi wanda jini ke kwarara daga jikinsa a gabanka ba, shi ba a jiran sakamakon gwaji, kuma mai ciwon zuciya ana ƙara masa da wuri. Na biyu, allurar tiranekzamik, wadda ke ceton mata masu zubar jini bayan haihuwa, an gwada ta a majinyata sama da 12,000 a ƙasashe 15, har da Najeriya da Sudan. Sakamakon da ya fito a 2020 ya nuna ba ta rage mutuwa a zubar jinin ciki ba, ta ma ƙara daskarewar jini a jijiyoyi. Na uku, a shekarar dai, wani bincike a Hong Kong ya nuna leƙa ciki cikin awa 6 bai fi leƙawa cikin awa 24 ceton rai ba. Ma'ana, a daidaita majinyaci tukuna, sannan a leƙa, amma kada a wuce kwana ɗaya.

Leƙawar ita ce endoskofi: bututu mai kamara a baki, a zura ta maƙoshi. Tun 1974 wani likita a Edinbura, John Forrest, ya kasa gyambo gida-gida bisa abin da ido ya gani: mai tsartuwa, mai tsatstsafa, mai jijiya a fili, mai gudan jini a manne, mai tabo, da mai tsaftataccen gindi. Na farko-farkon su ne abin tsoro. Ta cikin na'urar ake yi wa wurin allura, a ƙona bakin jijiyar, ko a matse ta da ɗan maƙalin ƙarfe. Galibi a nan magana ke ƙarewa. In jinin ya dawo, a sake leƙawa karo na biyu, domin tun 1999 aka nuna a Hong Kong cewa yin haka ya fi garzayawa tiyata sauƙi ga jikin majinyaci.

To, in na biyun ma ya gaza fa? In gyambon babba ne, gindinsa ya yi tauri maƙali ya ƙi kamawa, ko jini ya cika wurin har kamara ba ta ganin komai? Mutum ne mai shekara saba'in, zuciya ta gaji, an riga an ƙara masa leda shida, mai allurar barci ya dube shi ya girgiza kai. Ina za mu kai shi?

3. Waɗanda suka buɗe hanyar

A 1953 wani likitan hoto a Suwidin, Sven-Ivar Seldinger, ya fito da dabarar da ake amfani da ita har yau: a huda jijiya da allura, a zura siririyar waya ta cikin allurar, a zare allurar, a sa bututu ya bi wayar ya shiga. Da wannan aka samu shiga jijiya ba tare da an yanka fata ba. A 1963 Nusbaum da Baum a Amurka suka nuna cewa in aka harba ruwan rini a jijiya aka ɗauki hoto, ana iya ganin yoyon da bai wuce rabin mililita a minti ɗaya ba. A 1964 Charles Dotter a birnin Portland ya buɗe toshasshiyar jijiyar ƙafar wata tsohuwa da bututu, ya nuna cewa likitan hoto zai iya yin magani, ba gani kaɗai ba.

A sashen Dotter ne Josef Rösch, wanda ya taso daga birnin Prague, ya yi abin da ya tara mu yau. A 1970 aka kawo musu wata mata mai ciwon hanta, gyambon tumbinta na zubar da jini, ba kuma za ta iya jure tiyata ba. Suka ɗebi jininta, suka bari ya daskare, suka tura gudan ta bututu cikin jijiyar da ke yoyo. Jinin ya tsaya. Daga baya ciwon hantar ya yi ajalinta, amma an ga cewa abin yana yiwuwa, suka kuma wallafa shi a 1972. A 1975 Cesare Gianturco da abokan aikinsa suka ƙera nannaɗaɗɗiyar wayar ƙarfe mai zaren ulu a jiki, wadda ke zama cikin jijiya ta toshe ta. Ku lura, majinyaciyar farko ma irin wadda na siffanta ce: wadda wuƙa ta fi ƙarfinta.

4. Yadda ake aikin

Bari in shigar da ku ɗakin. Majinyaci yana kwance a kan tebur, idonsa biyu, domin galibi ba a buƙatar allurar barci. Wannan kaɗai babban abu ne ga mai raunin zuciya. A samansa akwai na'urar eksire mai lanƙwasa wadda ke nuna hoto mai motsi a allo. Likita da masu taimaka masa suna sanye da rigar dalma mai nauyi saboda hasken na'urar. Ma'aikaciyar jinya na tsaye a kansa tana lura da bugun zuciya, ledar jini na ci gaba da ɗiga.

A wanke gindin cinyar dama, a yi allurar kashe zafi a wurin, a laluba inda jijiya ke bugawa, a huda. Wasu ta wuyan hannu suke shiga. Bututun da ake turawa kaurinsa bai kai milimita 2 ba, bakinsa a lanƙwashe. Majinyaci ba ya jin tafiyarsa a jiki. Likita yana murza shi da yatsu biyu daga waje, idonsa a kan allo, yana hawa da shi babbar jijiya har bakin ya faɗa reshen nan mai rabuwa uku. Sai a ce, “Baba, riƙe numfashi, kada ka motsa.” A harba ruwan rini mai aidin. Nan take rassan jijiya su zana kansu baƙi a kan allo, Baba ya ji ɗumi ya ratsa cikinsa, cikin daƙiƙa kaɗan rinin ya wuce allo ya washe. Amma wani ɗigo ya ƙi wucewa. Ya fita daga layin jijiya, ya tsaya, yana faɗi, yana malala cikin hanji. A lokacin nan ɗakin kan yi tsit, domin kowa ya san an ga ɓarakar.

Daga nan a zura wani bututun da ya fi siranta, wajen milimita 1, ta cikin na farko, a lallaɓa da shi har wurin. Da me ake toshewa? Akwai nannaɗaɗɗiyar waya, yanzu ta filatinam ake yi, a tura ta a miƙe, tana fita daga bututu ta naɗe kanta, jini ya daskare a jikinta. Akwai soson jelatin, irin wanda masu tiyata ke dannawa a kan rauni, a yayyanka shi a dama da rini a tura, shi yakan narke bayan 'yan makonni. Akwai kuma wani gam na musamman da ake gauraya shi da mai mai fitowa a hoto, yana taɓa jini ya sandare cikin daƙiƙoƙi. Gam yana buƙatar ƙwararren hannu, domin in ya zarce ba ya dawowa. Amfaninsa shi ne ba ruwansa da ko jinin majinyaci yana daskarewa ko ba ya yi. Waya da soso kuwa da daskarewar jinin majinyaci suke aiki. Wanda ya sha ƙarin ruwa da yawa, jikinsa ya yi sanyi, jininsa ya tsinke, in ka sa masa waya kaɗai jini zai ratsa ta ya wuce. Saboda haka ɗuma majinyaci da gyara daskarewar jininsa rabin aikin ne, kuma a hannun ma'aikatan jinya da na bankin jini yake.

Yanzu ga wurin da ya fi muhimmanci, ɗalibai ku buɗe kunne. Jijiyar nan ta bayan hanji ba ta sama kaɗai take samun jini ba. Ta ƙasa ma tana haɗe da rassan wata babbar jijiya mai ciyar da hanji. Lungu ne mai baki biyu: in ka tare baki ɗaya ka bar ɗaya, mai shiga zai zagayo. In likita ya toshe sama da ɓarakar kawai, jini zai juyo ta ƙasa ya ci gaba da zuba, ga shi kuma ya rufe wa kansa hanyar komawa. Don haka ake wuce ɓarakar da bututu, a fara toshe ƙasa, a ja da baya ana cikewa har a toshe sama. Bayan an gama a koma waccan jijiyar ta hanji a harba rini, a tabbatar babu reshen da ke kai jini ta bayan fage.

Wani zai tambaya, in an toshe jijiya, naman da take ciyarwa ba zai mutu ba? Tambaya ce mai kyau. Wannan yawan haɗuwar rassa da ya wahalar da mu shi ne kuma ya cece mu. Tumbi da farkon hanji suna samun jini ta hanyoyi da dama, in an rufe ɗaya sauran su riƙe. Inda ake taka-tsantsan shi ne wanda aka taɓa yi wa tiyata ko gashin cutar kansa a wurin, domin wasu hanyoyin sun riga sun yanke.

Sau da yawa kuma a harba rini ba a ga komai ba, saboda jinin gyambo yana zuba ne yana tsayawa. A nan ake toshe jijiyar da aka san ita ke ciyar da wurin da mai endoskofi ya ga gyambon, ko da ba a ga yoyo ba, kuma sakamakon yana kusa da na wanda aka gani ƙuru-ƙuru. Shi ya sa nake roƙon abokaina masu leƙa ciki: ko kun kasa tsayar da jinin, ku bar maƙali ɗaya a gefen gyambon. Ƙarfe ne, yana fitowa a eksire, shi zai nuna wa mai bututu inda zai nufa.

In an gama a zare bututu, a danne gindin cinya na wajen minti 15, majinyaci ya kwanta a miƙe na wasu awanni. Abin da zai gani a jikinsa ɗan filasta ne.

5. Toshewa ko tiyata?

A nan ya kamata mu yi wa kanmu adalci. A rahotanni da dama, likita kan yi nasarar toshe jijiyar da ya nufa a fiye da kashi 90 cikin 100. Amma toshe jijiya dabam, tsayawar jini dabam. Tsakanin mutum ɗaya cikin huɗu zuwa ɗaya cikin uku jinin kan dawo, sai an sake toshewa, ko an sake leƙawa, ko an shiga tiyata. Tiyata ta fi tsayar da jini gaba ɗaya, domin likita yana buɗe hanjin ya ɗaure jijiyar da zare yana gani. Sai dai farashinta a jiki ya fi tsada: ciwon huhu, ɗinki ya saki, rauni ya ruɓe, kwanaki a ɗakin kulawa ta musamman. Idan aka kwatanta, matsalolin bayan aiki sun fi ƙaranci ga waɗanda aka toshe wa, yawan mutuwa kuma bai fi na tiyata ba, alhali su ne suka fi tsufa da yawan cututtuka. A kan wannan ne ƙa'idojin da ƙungiyoyin likitocin ciki na Amurka da na Turai suka fitar a 2021 suka ce: in endoskofi ya gaza, a fara neman toshewa, in babu ita ko ta gaza, a yi tiyata.

Aikin yana da nasa hatsarin. Jini kan taru a gindin cinya. Rini kan taɓa ƙoda, musamman ƙodar da ta riga ta sha ƙarancin jini. Waya ko gam kan kauce ya toshe jijiyar hanta ko ta saifa. Wani lokaci, can gaba, farkon hanji ya tsuke. Ba su da yawa, amma haƙƙin 'yan'uwan majinyaci ne a gaya musu kafin su sa hannu.

An kuma yi tunanin a riƙa toshewa tun jini bai dawo ba, ga masu gyambo mai hatsari. An gwada a Hong Kong a kan majinyata 241, aka wallafa a 2019. Ba a ga fa'idar yi wa kowa ba, sai dai alamar amfani ga masu babban gyambo, daga milimita 15 zuwa sama. Ra'ayina, a inda kayan aiki ke da wuyar samu kamar wurinmu, a ajiye su domin wanda ke zubar da jini.

6. Waya ba ta warkar da gyambo

Wannan gajere ne, amma in aka manta shi duk wahalar ta tashi a banza. Toshewa jini ta tsayar, ramin yana nan. Dole a ci gaba da maganin rage asid na makonni. A gwada ƙwayar Helicobacter, in tana nan a sha magungunan kashe ta tare da na rage asid har kwana 14 ba tsallake, bayan wata guda da gamawa a sake gwajin bayan gida ko na numfashi a tabbatar ta mutu. A daina haɗi, a daina taba. Mai shan asfirin saboda zuciya kada ya daina da kansa, kada kuma ya koma da kansa, likita ne zai sa rana. Gyambon tumbi kuwa a sake leƙa shi bayan wata biyu zuwa uku, a ɗebi nama a gwada, domin wani ba gyambo ba ne, kansa ce ta ɓuya.

7. Mu fa, ina muka tsaya?

Ranka ya daɗe shugaban taro, na san abin da ke ran da yawa a wannan zaure: duk wannan labarin wata duniya ce. Ba zan ɓoye ba, a mafi yawan garuruwanmu ko endoskofin dare ba a samu, ledar jini sai dangi sun zo sun bayar. Kuma ina so a ji ni da kyau: inda babu mai toshewa a kusa, kada a ɗora mutumin da jini ke kwarara a mota ana neman sa a wani gari. Likitan tiyata ya shiga da shi. A sanar da shi tun daren farko, ba sai an ƙare dabaru jiki ya yi la'asar ba. Jinkiri ya fi wuƙa kisa.

Amma ban yarda abin ya fi ƙarfinmu ba. Duk asibitin da ke da ɗakin duba jijiyoyin zuciya, na'urar da ake buƙata tana nan a kafe. Soson jelatin yana ɗakin tiyata, ba shi da tsada, ko da yake a babbar jijiya ya fi aminci in an haɗa shi da waya. Abin da ya rage mutum ne: likitan hoton da aka horar, ma'aikatan jinya da masu sarrafa na'ura da suka saba da aikin, wayoyi da bututu a kabad ba sai an aika Legas ba, da tsarin da zai sa a buga waya ƙarfe biyun dare a samu mai ɗauka. Tanzaniya ta gwada. A 2018 aka fara horar da irin waɗannan likitoci a asibitin Muhimbili da ke Darussalam, malamai na zuwa daga waje bi da bi, a 2021 aka yaye rukunin farko. Kuma hannun da ya koyi toshe jijiyar gyambo shi ne zai tsayar da jinin mai jego ba tare da an cire mata mahaifa ba, shi ne zai tsayar da jinin wanda ya yi hatsarin mota saifarsa ta fashe. Ashe wannan kayan alatu ne?

Roƙona ga masu riƙe da asibitocin koyarwa: ku tura matasa su koyo, ku kuma tanadar musu abin aiki kafin su dawo, kada su dawo su zauna hannu ya mutu. Ga masu hali a cikinmu: akwatin wayoyin nan sadaka ce da za ta tashi mutum daga bakin kabari. Ga ɗalibai: fagen nan yana neman mutane. Ga iyayenmu malamai da sarakuna: ku taimaka mana da kira a masallatai da majalisu, lafiyayyu su riƙa ba da jini tun ba nasu ne a kwance ba, domin babu bututun da zai yi amfani in majinyaci bai kai ga tebur da rai ba.

 Allah ya ba marasa lafiyarmu lafiya, ya saka wa masu jinyarsu da alheri. Yanzu fili naku ne. Mai tambaya ko ƙarin bayani ya ɗaga hannu, za a miƙo masa lasifika, kuma ina roƙon a fara da ɓangaren iyayenmu mata.